Ƙwaryar Ruwan da Na Ba Dokin Mahaifina

Har yau, in na ji warin kanwa da aka jiƙa wa dabbobi, sai gabana ya faɗi. Na tsufa, karatuna bai wuce na allo ba, amma ka saurare ni, don abin da zan faɗa maka ban taɓa faɗa wa kowa ba.

A ƙauyenmu, kusa da Tsiga, in an gama yankan dawa, masu dawaki kan yi sukuwa a fadama. A tsakiyar filin akwai wani kwazazzabo da ruwan damina ya haƙa, dokin da ya tsallake shi ya riga isa gindin tsamiya, shi ya ci. Liman ya hana caca, saboda haka a ɓoye ake yin ta: wannan ya sa damin dawa, wancan ya sa akuya. Ranar sukuwa ba mai yarda da wani. Kowa da layarsa, kowa yana hararar hannun maƙwabcinsa.

Kakana ya san doki kamar tafin hannunsa, mutane kan zo su tsugunna gabansa suna neman ya faɗa musu wanda zai ci. Amsarsa ɗaya ce: "Ku bar duban doki. Ku dubi mai ba shi ruwa."

Mai ba dokin mahaifina ruwa kuwa ni ne. Baƙin doki ne, akawal, shekara uku ba a riga shi tsallakewa ba.

Ranar sukuwa da hantsi, ina yankan ciyawa, sai wani baƙo mai fataucin gishiri daga wajen Musawa ya tsaya kaina. Ya zaro wata 'yar wuƙa mai jan kube, ya miƙo mini.

"Samari, ka ƙara wa dokin nan kanwa," in ji shi. "In ya nemi ruwa, kada ka hana shi. Ba da ruwa ai sadaka ce."

Na san doki ba ya shan ruwa ya ƙoshi kafin gudu. Na sani sarai. Amma na karɓi wuƙar. Dokin ya lashe kanwa, ƙishi ya kama shi, na yi ta cika masa ƙwarya har cikinsa ya yi tim.

Bayan la'asar aka saki dawaki. Akawal ya zo bakin kwazazzabo ya tashi, amma nauyi ya ja shi, ƙafarsa ta gaba ta bugi gaɓa. Har yanzu ina jin ƙarar ƙashin. A nan aka yanka shi. Mahaifina da ke kansa ya tsira da ɗingishi. Baƙon kuwa, ashe wani doki ya sa wa gishirinsa, ya kwashe abin da ya ci ya tafi.

Sai zargi ya tashi. Baffana, ƙanen mahaifina, a shekarar ya tuba ya bar caca, bai sa ko zangarniya ɗaya a kan dokin ɗan'uwansa ba. Mutane suka ce, "To, me ya sani da ya janye hannunsa?" Wani ya ce ya gan shi yana gaisawa da baƙon.

A zaure mahaifina ya ce masa, "Malam, ashe tubanka da dalili."

"Yaya, ni kake nufi?" in ji baffa. Ya ce a kawo Alƙur'ani ya rantse, mahaifina ya ce ba ya bukata.

Ina tsaye a bakin ƙofa, wuƙar tana ɗaure a cinyata ƙarƙashin bante. Kakana ya dube ni, ya daɗe yana dubana. Yana jira in buɗe baki ne. Na sunkuyar da kai.

Kafin shuka, baffa ya kwashe iyalinsa ya koma Mahuta. Ko jana'izar kakana da ya zo, shi da mahaifina ba su haɗa ido ba. Duk shekara nakan ce bana zan je in faɗa masa, har aka aiko cewa ya rasu.

Yanzu yashi ya cike kwazazzabon, auduga ake nomawa a wurin, ba mai sukuwa kuma. Amma zargin bai cike ba. Jikokina suna kiran jikokin baffa 'ya'yan maci amana, ba su ma san mafarin kalmar ba. Wuƙar tana nan, ta yi tsatsa, ban taɓa yanka kome da ita ba. Na sa an ɗaura wa jaki akumari. Gobe in Allah ya kai mu zan kai ta Mahuta, in ajiye ta gaban babban ɗan baffa, in faɗa masa wanda ya riƙe ƙwaryar.