Motar Sojan da Muka Je Gyarawa a Bayan Makoda

Ana idar da sallar asuba muka kama hanya daga Kano, ni da abokin aikina. Shi makaniken manyan motoci ne, ni kuwa fenti ne sana'ata. Wani Alhaji ne ya kira mu a waya, shugaban ƙungiyar manoma a wani ƙauye bayan Makoda. Ya ce da kuɗin dako ya fi ƙarfinsu, sai suka haɗa hannu suka sayi tsohuwar motar soja a gwanjo don kwaso amfanin gona. Yanzu motar ta ƙi tafiya, kuma tana son fenti. Ya ce shuɗi, na sayi shuɗi.

A tasha muka tarar kuɗin mota ya sake tashi. Na tambayi kwandasta dalili, ya nuna min gidan mai da haɓa. Gwangwanayen fentina ma sai da aka caje su kamar mutane, alhali a kan cinyata suka yi tafiyar. Hanyar Dambatta ba laifi, hagu da dama dawa ta nuna ta sunkuyar da kai. A Makoda muka karya da koko da ƙosai. Ƙosan ya ƙanƙance har abokina ya ce nan gaba sai da tabarau za a riƙa cinsa. Daga nan babura suka kwashe mu ta cikin yashi, gona na bin gona, ba ko taƙin fili da aka bari.

Motar tana tsaye a bakin gari, tsakanin gidajen ƙarshe da gonaki. Ƙatuwa ce, tayarta ta kusa kai min ƙirji, da korenta mai dabbare-dabbare duk da tsatsa ta ci rabinsa. Aka tayar da ita, injin lafiya lau. Direban ƙungiyar ya sa giya ya saki kuloci, ta yi gurnani ta girgiza, amma ba ta matsa ba. Na duƙa in gani. Tayoyin gaba suna juyawa gaba, na baya suna juyawa baya, tana ta haƙa wa kanta rami. Na murza ido, na ɗauka rana ce ta buge ni. Wani dattijo ya ce shi dama ya faɗa, motar da ta je yaƙi ba a raba ta da iskoki.

Abokina ya shige ƙarƙashinta, can ya fito yana dariya. Ashe irin wannan motar duk tayoyinta ne ke ja. Da aka sayo ta haƙoran cikin aksil ɗin baya, masu juya tayoyi, a kakkarye suke, aka samo wasu wajen 'yan gwangwan, sai wanda ya ɗaura ya kifa su. Ya ce za a kwance farfela, wato sandar da ke kai ƙarfin injin baya, a sauke haƙoran a juya, shi ke nan. Na yi masa murna, ban san nawa rikicin ya fi nasa ba.

Ina fito da samfefa don kankare tsohon fentin sai Sarkin Noman garin ya riƙe min hannu.

"Malam, wa ya sa ka?"

Na ce, "Alhaji."

"Alhaji shi kaɗai ya sayi motar?"

Ya zaunar da ni ya yi min bayani. Tun da yunwa ta matso, ana bin gonaki ana yanke kan dawa kafin mai ita ya girbe. Amma daga ranar da aka ajiye motar nan, ba wanda ya sake shiga, don ana zaton sojoji ne a garin. Shi kuwa Alhaji cewa ya yi ba mai hawa titi da launin soja, a shingen jami'an tsaro na farko za a ƙwace ta. Na saurari wannan na ga gaskiyarsa, na saurari wancan na ga tasa. Na koma gindin darbejiya na zauna da kayana. Mutane suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya suna min raɗa. Wani ya ce in shafe rabi in bar rabi. Wani ya ce shi tun farko rawaya ya so. Tuwon dawa da miyar kuka da aka kawo mana ne kawai abin da na fahimta a yinin nan.

Washegari da hantsi abokina ya gama, tayoyi suka yarda da juna. Muka hau gwaji zuwa ƙauyen da ke gaba. Tun daga nesa mata suka watsar da tuluna a bakin rijiya, wani mai keke ya jefar da shi ya afka cikin dawa, mai shayi ya bar tukunyarsa a wuta. Muna ta ɗaga hannu muna sallama, abin sai ƙara muni yake. Da muka dawo Alhaji ya ce, "Kun gani ko?" Sarkin Noma ma ya ce, "Kun gani ko?" Na fara tunanin mayar da fentina Kano.

Bayan la'asar wata tsohuwa ta fito daga gidan da ke kallon motar, ta durƙusa kusa da ni, ta ɗauka ni ne mai yanke hukunci.

"Ɗan nan, kai ne mai shafa launin? Autana soja ne. A irin wannan motar aka tafi da su gabas, bai dawo ba, ba a kawo min gawa ba. Kullum na buɗe ƙofa da safe sai gabana ya faɗi, in ce ko shi aka kawo, ko labarinsa. In da hali, a shafe ta."

Na ce, "Sannu, Inna." Ashe Sarkin Noma yana tsaye a bayanmu, ita kuwa matar wansa ce.

"Yaya, me ya hana ki faɗa tun tuni?"

Ta ce, "Hatsin mutane ne fa. Ta ina zan fara?"

Sarkin Noma ya matso kusa da ni. Ya ɗauki samfefa daga cikin kayana, ya nufi ƙofar motar ya fara gogewa da kansa. Kafin magariba mazan garin sun kewaye ta ana ta gogewa. Aka aro janareto, na fesa shuɗi a bodi, cikin kuma muka bi da buroshi don man janareton ya ishe mu. Suka shirya gadin gonaki bi da bi har a gama girbi.

Da fenti ya bushe, a kanta muka fito, a saman dammunan dawa, har Makoda. Ba wanda ya gudu. Wata mata ma tsayar da mu ta yi, da akuyarta, tana tambayar ko kasuwa za mu.

Na iso gida da yamma, jiki duk ciwo. Har yanzu ban san ko ɓarayin za su dawo ba, ban kuma san wanda ya fi gaskiya tsakanin dattawan biyu ba. Abin da tafiyar ta koya min kaɗan ne: mai mota shi ke zaɓar launi, amma wani ne ke kwana ya tashi yana kallonsa. Allah Ya tsare musu hatsinsu, Ya sanyaya wa Inna zuciya.