Yadda Na So Faɗaɗa Ƙugun Auta

Godiya ta tabbata ga Wanda Ya san abin da ke cikin mahaifa, tun kafin mai cikin ta sani.

Shekarar da autata ta dawo gida goyon ciki, shinkafar rani ta yi kyau a fadamarmu ta wajen Kadawa. Ni kuwa a lokacin ina ji da kaina. Na haifi 'ya'yana duka a ɗakina, wasu ma sai da suka faɗo aka je kiran unguwar zoma. Matan unguwa suna zuwa wurina ɗaukar karatu, ina warware musu hukuncin haila da na biƙi. A ganina, duk abin da ke tsakanin cibiya da gwiwar mace na gama saninsa.

Na raka ta awo asibitin Kura. Auta gajeriya ce, siririya, dangin ubanta ta biyo. Malamar awon, wata 'yar jihar Filato mai fara'a, ta duba ta, sannan ta kira ni.

"Mama, ke ce uwarta? Ina ganin ƙugunta a matse yake. Kada ta haihu a gida. In naƙuda ta tashi ku kawo ta nan, inda likita yake."

Na ce to. A adaidaita sahu muna komawa ina ta murmushi. Matsewar ƙugu har wani ciwo ne? Ai rama ce. Yarinyar da ke karyawa da shayi da burodi a gidan miji, ina za ta samo ƙugu?

Na ɗaura ɗamara. Da safe kunun gyaɗa, da hantsi fura da nono, da rana shinkafa da wake da mai, da yamma tuwo da man shanu. Malam, mai gidana, in ya dawo daga gona ya tarar da tukunya ta yi ƙasa sai ya ce, "Wai ita ce mai cikin ko ni ne mai azumi?" Na ce ya yi haƙuri, aiki nake. Na yanko igiya daga jikin kwandon tumatir, duk Juma'a in zagaya ƙugunta da ita in ƙulla alama. Ƙulli yana matsawa gaba, ina hamdala.

"Inna, wallahi zan fashe," in ji ta.

"Fashewar nake nema. Shanye."

Da cikin ya tsufa muka koma awo, igiyata a jaka. Na zaro ta gaban malamar, na nuna mata ƙullin farko da na ƙarshe, na ce ga ƙugu ya buɗe, sai ta sallame mu mu haihu a ɗakinmu kamar kowa. Ta dubi igiya, ta dube ni, ta rufe baki da hannu tana danne dariya. Sai da ta fita ta dawo sannan ta iya magana.

Ta ɗauko wani abu na roba daga kan kabad, fari, kamar akushin da gindinsa ya fita. Ta ce wannan shi ne ƙugun da take nufi, ƙasusuwan da ke ciki. Ta kama hannuna ta ɗora a kan fukafukansa biyu, ta ce su ne nake jin tudunsu a gefe in na dafa kwankwasona, kuma su da naman da ke kansu igiyata take aunawa. Sannan ta zura hannuna cikin ramin. Ta baya ƙarshen ƙashin gadon baya ya turo kai ciki, ta gaba ƙasusuwa biyu sun haɗe. Ta nan ɗa zai bi. Ta ɗauko 'yar tsana ta nuna mini: bakin ramin ya fi faɗi daga gefe zuwa gefe, mafitarsa kuma daga gaba zuwa baya, shi ya sa ɗa yake shiga a karkace, ya murɗa kai a hanya kafin ya fito. Na haihu sau nawa, ban san 'ya'yana sun yi wannan juyin a cikina ba.

"Mama, ku manoma ne," in ji ta. "In kin ƙara wa bakin magudana ƙasa, kwalbatin da ke ƙarƙashin hanya zai ƙara faɗi?"

Na ce a'a.

"To furar nan bakin magudana ta je. Sauran kuma ɗan da ke ciki ne ya sha. Har yanzu kansa bai sauka ba. In ya tsaya a bakin ƙashi kuna gida kuna jira, za a iya rasa shi, ita kuma ta tashi da yoyon fitsari, ko a rasa su duka."

Dariyar ta ƙare a nan. Na dubi Auta, ta yi kumatu, tana kallon ƙasa.

Naƙuda ta tashi wata safiya ana tsinkar tumatir. Ƙanwar Malam ta ce mu dakata tukuna, haihuwar fari ba ta gaggawa, kuma me mutane za su ce, 'yar mai koyar da mata a kai ta a yanka? Maganar ta sosa ni, ba zan ɓoye ba. Amma ramin nan da na zura hannu a ciki yana idona. Na wanke rubutun da na yi mata a allo, ta kurɓa, na aika a tsayar da adaidaita sahu.

Ta yi ta fama har bayan azahar, kai bai sauka ba. Likita ya ce aiki za a yi. Na zauna a baranda ina jan carbi, duk addu'ar da na fara sai in tsinci kaina a tsakiyar wata.

Ana kiran la'asar malamar ta fito da jariri a zane, namiji, jibgege, wuya ninki-ninki. Ban karɓa ba sai da na tambayi lafiyar uwar. Ta ce tana lafiya, ta farfaɗo, har ta yi magana.

"Me ta ce?"

"Ta ce a roƙe ki, don Allah kada ki kawo fura."