Injin Casar da Na Saya Babu Takarda

Injin casar shinkafar nan na Kiyawa mu biyu muka haɗa jari muka kafa shi, ni da Alhaji, aminin mahaifina. Da ya koma harkar taki, sai ya ce in sayi rabonsa. Na ba shi bijimai biyu da buhu talatin na riɗi, aka shafa fatiha a zaurensa, shi ke nan. Matata ta ce in sa a rubuta, na daka mata tsawa. Mutumin da ya ba da ragon sunana, in durƙusa gabansa in ce ya sa hannu? Da wane ido?

To, takin nan ya karya Alhaji. Bankin da ke binsa bashi ya bi dukiyarsa, aka duba rajistar kamfani, ga sunansa daram kusa da nawa, don ban taɓa zuwa an cire ba. Suka ce rabin inji nasa ne, za a sayar a biya bashi.

A kotun farko alƙali ya tambaye shi ko ya sayar mini. Ya sunkuyar da kai ya ce abin ya daɗe, ba zai iya tunawa ba. Na san dalili, in injin ya kuɓuta gidansa za a taɓa. Amma wallahi ranar ji na yi kamar in shaƙe shi, da tsufansa da komai.

Na sayar da gonata ta fadama na ɗaukaka ƙara zuwa Dutse. Wata bakwai ina zarya a babur, kullum sai a ce an ɗage. Ranar ƙarshe sai ga Alhaji a bakin kotu, duk ya rame. Ya kama hannuna.

"Na zo in faɗi gaskiya. In gidan zai tafi, ya tafi."

Na ruga wurin lauyana da murna. Ya girgiza kai, ya ce a wannan kotun ba a sake jin shaida, abin da ke rubuce kawai ake dubawa. Alhaji ya zauna a bencin baya har aka tashi, ko kallonsa ba wanda ya yi. Aka tabbatar da hukuncin farko.

Inji ba ya rabuwa biyu, sai aka yi gwanjonsa gaba ɗaya, rabona kuma ya tafi a kuɗin shari'a. Wani mutumin Aujara ne ya saya. Bayan sati biyu ya aiko, wai injin ya ƙi kowa, ko zan zo in riƙa tayar masa. Na kwana biyu ina huci, sannan na tafi, don akwai baki bakwai a gidana. Can nake har yau, ana sallamata da kuɗin yini kullum bayan la'asar.