Lomar da ta faɗi a wurin ciyayya

A gidanmu da ke gefen Gwiwa, ba gona kaɗai Baba ya bar mana ba. Ya bar mana har da ciwon da ya kashe shi, wanda ya kashe mahaifiyarsa kafin shi. Da ɗan zillon yatsa da mantuwa yake farawa, a ƙarshe mutum ya yi ta rawa ba kiɗa. Wani likita a Kano ya ce a jini yake, kowane ɗa ko ya ɗauka ko ya tsira, kuma babu maganin da ke tsayar da shi. Ni da na gudu daga makaranta a aji uku, wannan karatun kam ya shiga kaina.

Mu biyu ne maza, ni da ƙanena tela. Kullum bayan magariba muna ciyayya da maƙwabta a ƙofar gida, kowa ya fito da kwanon tuwonsa. Su miya suke kallo. Mu hannun juna muke kallo.

Shi ya fara. Wata rana loma ta kuɓuce masa tsakanin kwano da baki. Aka bi hannunsa da kallo, don duk sun san Baba, kuma in maganar ta shiga gari babu mai sake miƙa wa ƙanena yadi. Sai na yanko ƙatuwar loma, na karkaɗa hannu, na sake ta a cinyar maƙwabcinmu mai shayi.

"Kai, tsohon banza! Wandon Juma'a ne fa!"

"Laifin miyar gidanka ne," na ce. "Ka ce uwargida ta rage kuɓewa."

Aka fashe da dariya, aka manta da ƙanena. Daga ranar na samu aiki. Duk sanda hannunsa ya ci amanarsa, sai in zubar da tawa lomar, da ƙari. Damina biyu ina wannan wauta, har aka daina zama kusa da ni da fararen kaya.

Ran wata kasuwar Gwiwa na hau kekena zan sayo gishiri. Na tsaya a tsakiyar kasuwa na rasa abin da ya kawo ni. Na dawo gida a ƙafa, sai da na zo alwala na tuna da keken. Da na ba da labari, mai shayi har da hawaye don dariya.

Bayan sati guda, hannun ƙanena lafiya lau, loma ta fita daga nawa ban sake ta ba. Yatsuna biyu suka yi zillo kamar ba nawa ba.

"Jama'a, wallahi wannan ba da gangan ba ne," na ce.

"Ji shi! Har da rantsuwa!" in ji mai shayi. Dariya ta ƙaru.

Ƙanena kaɗai bai yi ba. Mutumin da tun yana yaro ban taɓa jin ya tsokani kowa ba, ya dube ni, ya yanko loma, ya karkaɗa hannu, ya sake ta a cinyar mai shayi.

"Yaya ya yi gaskiya," ya ce. "Kuɓewar ta yi yawa."

Har yau muna fita, don duk ranar da muka ci tuwo a ɗaki, gari zai gane. Muna zama kafaɗa da kafaɗa, in lomarsa ta faɗi in saki tawa, in tawa ta faɗi ya saki tasa. Rabin tuwonmu kaji ke cinyewa da safe.