Amshin Inna

Mai shagon kayan sauti yana kallon matar da ta shigo da tef ɗin awo rataye a wuya, ga guntun zare maƙale a hannun rigarta. Tela ce, ba sai an faɗa ba. A ransa yana cewa batir ta zo saya.

Sai ga ta tsaye gaban ƙananan na'urorin da ke kai murya daga makirfo zuwa kwamfuta. Ba ruwanta da sunan kamfani. Tef take zarewa tana auna su ɗaya bayan ɗaya, kamar mai shirin yanka wa jariri riga.

"Yaya, awon na mene ne?"

"A cikin kabad muke ɗauka, tsakanin tufafi, don su shanye ƙarar titi. Wurin ajiyewar bai fi tafin hannu ba."

Ya miƙo mata mafi ƙanƙanta. Ta juya ta, ta ga wurin makirfo ɗaya ne tak, ta tura masa abarsa.

"Mai biyu nake so. Ni da mahaifiyata." Ta ɗaga haɓa. "Numfashinta ya fara gajarta, amma in ta ɗauko waƙa, har kekena nake tsayarwa."

Shi dai har yana hango tsohuwar zaune a bakin kabad, zannuwa na shafar kanta.

"To, ki ɗauki muryarta ita kaɗai mana."

Ta kalle shi sama da ƙasa, tana naɗe tef ɗinta.

"Ƙanena, Inna ba ta waƙa sai da amshi. Tun ina goye nake ba ta shi."