Ƙusata ta Bangon Croydon

Shekarar da aka cire mini haƙorin gaba, wata biyu bayan sunan jikata ta uku, 'yata ta ɗauko ni zuwa Croydon ta ƙasar Ingila, ana tsakiyar sanyi.

Ni tun ina budurwa ba a taɓa gaya mini lokacin salla ba. Inuwata nake dubawa. In ta tattare gindin ƙafa ta fara leƙowa, Azahar ta yi. Washegarin zuwana na fita bayan gida na tsaya. Inuwa ta miƙe kamar tabarya uku, ta ƙi tattarewa. Ina jira, ina jira, sai ga duhu. Azahar da La'asar suka wuce ni ina tsaye.

Surukina, mai digiri biyu da tumbi ɗaya, ya sayo agogo ya ba 'yata ta kawo mini.

"Inna, ya ce nan ba ƙauye ba ne."

"Ce masa na gode. Ranar ƙasarsu ce ba ta da tarbiyya."

Na jefa agogon a kwanon goro. Amma salla na ta kuɓuce mini, abin yana cin raina.

Maƙwabciyarmu, Kirista 'yar Jos, tana shara a wata tsohuwar coci ta dutse. Ta ce, "Hajiya, zo ki gani, kakannin Turawa ma jahilai ne irinki."

"Irinmu dai, mai tsintsiya."

Na bi ta. A bakin ƙofar cocin an sassaƙa kawunan dabbobi masu baki irin na ungulu, kowanne ya ciji ƙofa. Na ce wannan maginin da yunwa ya yi aiki. A bangon da ke kallon rana akwai ɗan rami, zane-zane sun sauko daga cikinsa kamar tsagar fuska. Ta ce a da tsinke ake sawa, limaminsu ya duba lokacin ibada. Na cusa asawakina, inuwarsa ta kwanta kan zane. Ashe a nan ba tsawon inuwa ake dubawa ba, inda ta karkata ne.

Na dawo na kafa ƙusa a bangon bayan gida, na ja zane da wuƙa ya sauko ƙasa sak. Suruki ya aiko wai kansul, hukumar unguwa, za su yi faɗa. Na ce su fara da cocin.

Tun ranar, inuwa na gota zanen sai alwala. Ranakun da babu rana, su ne kuwa suka fi yawa, 'yata nake tambaya, ita ta dubi agogon mijinta. Ni dai ban duba ba.

Maƙwabciyar nan ta riga mu gidan gaskiya. Saura ni, da 'yata, da surukin, tumbin nan ya ƙaru.