Shuni a Goshin Jarumi

Kwanan baya na je gida lokacin girbi. Ina tafe a gefen kanal, babbar hanyar ruwan nan da ta ratsa gonakinmu, sai na ji samari biyu suna bugun shinkafa a jikin duro, wannan ya sauke, wancan ya ɗaga. Na tsaya cak da jaka a hannu. Kunnena bai ji shinkafa ba, mabugar kakana ya ji, wadda ke bayan zaurenmu a ƙauyenmu tsakanin Kura da Bunkure. In kai ba ɗan wajenmu ba ne, mabuga ɗaki ne da ake shimfiɗa rinannen tufafi a kan gungume a yi ta dukansa har ya ɗauki ƙyalli. A nan kakana, wanda muke kira Baba Tsoho, ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana bugun turkudi, baƙin zanen nan mai ƙyalli, da rawanin nan da ake ce wa ɗan Kura.

Ni dai na buɗi ido na tarar da mabugar a rufe. Tun da ruwan kanal ya zo kowa ya koma noman rani, tumatir da alkama da albasa, har da babana da ƙannensa. Ba wanda ya ga laifinsu, don noman ya rufa wa gida asiri. Baba Tsoho bai taɓa buɗe baki ya yi ƙorafi ba, amma ya zama mutum mai saurin faɗa, kuma babu abin da ya tsana kamar fim. Aikin marasa aiki yake ce masa.

Goggo kuwa, autar 'ya'yansa, da fim take kwana da shi take tashi. Akwai jarumi guda da ta fi so, dogo mai kaurin murya, wanda in ya yi fushi a fim sai ta ajiye tankaɗe ta taya shi. Ni ma a wajenta na ɗauki son, ina 'yar shekara goma sha ɗaya. Ranar da aka faɗa a rediyo cewa zai fito a fim ɗin tarihi, a matsayin madugun fatake na zamanin da, Goggo sai da ta ƙona tuwo. Daga nan ba a da wata hira a bakin rijiya da wajen shanyar tumatir. Wasu su ce raƙumi zai hau, wasu su ce ai bai iya ba, zai faɗo. Goggo ta yi gaba da wata ƙawarta har sati guda a kan wannan maganar.

Ana cikin haka, wata rana da hantsi mota ta tsaya a ƙofar gidanmu. Jarumin ba ya ciki, sai wani saurayi mai kula da tufafin fim ɗin, wanda aka kwatanta masa gidanmu daga Kura. Ya durƙusa ya gaida Baba Tsoho, ya fito da wani baƙin ƙyalle daga leda, ya ce so yake a nuna masa yadda mutanen da suke naɗa ɗan Kura. Ina laɓe a bayan ƙyaure. Baba Tsoho, da yake yanar ido ta fara rufe masa gani, da hannu ya duba ƙyallen. Ya murza, ya shinshina, ya goga a bayan hannunsa, sannan ya kira ni in duba.

"Amarya, me kika gani a hannuna?" Haka yake kirana, wasan jika da kaka.

Na ce ban ga komai ba.

"To ka ji, yaro. Wannan ɗan kanti ne, an tsoma shi a galura. Ɗan Kura in bai bar maka shuni a jiki ba, ba shi ba ne. Da wannan za ku nuna wa duniya kakanninmu?"

Mu dai muka ɗauka korarsa za a yi. Sai muka ji tsohon ya ce ya dawo bayan sati uku.

Washegari aka ɓalle ƙofar mabuga, aka share saƙar gizo da kashin ɓera. Baba Tsoho ya aika Kura wajen wani tsohon abokinsa marini, aka rina masa saƙi a ruwan baba na shuni, shi kuma abokin ya zo da kansa don su yi bugun tare. Ban taɓa ganin Baba Tsoho haka ba. Su barbaɗa garin shuni, su shafa ɗan kitse, su naɗe, su hau duka, ɗaya na sauke sanda ɗaya na ɗagawa, ba mai taɓa hannun wani duk da kakana ba ya gani sosai. Masu dawowa daga ban-ruwa sukan tsaya da fartanya a kafaɗa suna leƙe. Da aka gama, rawanin ya yi baƙi yana ɗaukar ido kamar bayan ƙwaro. Da saurayin ya dawo, Baba Tsoho ya damƙa masa da gargaɗi guda, ya kuma maimaita har sau uku: kada rawanin ya ga ruwa, kuma in ya bar shuɗi a goshin mai naɗi kada a goge, don shi ne adon.

Sai jira ya koma biyu a gidanmu. Goggo na jiran jaruminta, Baba Tsoho na jiran rawaninsa, ko da yake da ka faɗa masa haka da ka sha sanda. Aka yanke alkama, tumatir ya ƙare, damina ta faɗi, fim shiru. Ana nan sai wani direba da ke kai kaya Kano ya zo da labari, wai ya ji a tasha cewa rawanin ya ɓata wa jarumi fuska da farar riga, masu fim suka sa aka wanke shi da sabulu. A bakin masallaci ya faɗa, yana dariya, bai san abin da ya yi ba. Wanke turkudi kashe shi ne, ƙyallin ya tafi ke nan, ya koma tsumma. Daga ranar Baba Tsoho ya daina fita zaure. Goggo ta rantse jaruminta ba zai yarda a yi haka ba. Ni kuwa haushin direban nan na ji har na daina gaishe shi, kuma ban yi nadama ba.

Kaset ɗin ya iso bayan Sallah Babba. A unguwarmu gida ɗaya ne ke da bidiyo da janareto, talabijin ɗinsu kuma baƙi-da-fari ce. Bayan la'asar aka fito da ita tsakar gida, mata a gefe, maza a gefe, yara har kan katanga. Ina neman takalmina sai na ji muryar Baba Tsoho yana cewa, "Amarya, zo riƙe min hannu." Mutane suka dare suka ba shi tabarma a gaba, kowa na satar kallonsa, don ba a taɓa ganinsa a irin wannan wuri ba.

Jarumin ya fito a kan raƙumi, bai kuma faɗo ba. Mata suka rangaɗa guɗa, Goggo a gaba. Baba Tsoho ya matse min hannu ya sunkuyo.

"Duba min goshinsa."

Na duba. Gaskiyar magana, abin da na gani duhu ne kawai a ƙarƙashin naɗin, ga hoton yana rawa. Zai iya zama shuni, zai iya zama inuwa, talabijin ɗin ba ta san bambanci ba. Sai na ɗaga murya yadda na kusa za su ji, na ce, "Akwai, Baba Tsoho. Shuɗi ne, har kumatu."

Ya laluba sandarsa. "To ya isa. Kai ni gida." Ko kwata na fim ɗin ba mu gani ba, kuma ban ji zafin haka ba. Washegari ya koma zaure, duk wanda ya zo wucewa sai ya tsayar da shi ya ce ashe 'yan fim ma akwai masu jin magana. Damina biyu bayan nan Allah ya yi masa rasuwa, ni kuwa na ci gaba da riƙe abin a raina, ban sani ba ko ƙarya na yi masa. Ko an sa fim ɗin a wani gida sai in sami dalilin tashi.

Yanzu jarumin ya yi furfura, an ce kuma zai sake fitowa a wani fim ɗin tarihi. 'Ya'yana mata suna ta ƙirga kwanaki, su da ba su san zaman jiran kaset ba, komai yana cikin waya. Kafin sabon ya fito suna bin tsofaffin finafinansa ɗaya bayan ɗaya, har babbar ta ci karo da wancan ta kawo min. Na goge hannuna, na ce ta tsayar daidai inda ya sauko daga raƙumi, ta kuma matso min da fuskar. Shekara ashirin da wani abu ina gudun wannan kallon. Shuɗi ne, har kumatu. Yarinyar ta ce masu kwalliya ne suka yi kuskure, suka bar masa datti a fuska. Na ce ta ajiye wayar ta zauna, yau za ta ji ko jikar wane ne ta haife ta.